chfn, usermod ko vipw: da wanne za ka gyara bayanan mai asusu a Linux?

An sauya wa ma'aikaci ofis, ko ya canja layin waya, ko kuwa tun ranar da aka buɗe masa asusu aka rubuta sunansa a karkace. Gyaran ba ya cin minti ɗaya a layin umarni. Sai dai hanyoyin yinsa aƙalla uku ne a Linux, kowace da irin ɓarnar da take iya yi idan hannu ya zame, ga kuma ta huɗu da ke zama dole a wasu wuraren ko kana so ko ba ka so.

Kafin ka zaɓi ko ɗaya, gano inda asusun yake zaune. Umarni biyu sun isa:

```
getent passwd rabiu
grep '^rabiu:' /etc/passwd
```

Idan duka biyun suka fito da layi iri ɗaya, asusun na wannan na'urar ne, kuma chfn da usermod da vipw duk za su yi aiki a kansa. Idan na farko ya ba da amsa, na biyu ya yi shiru, to asusun daga wata saba ta tsakiya yake zuwa, LDAP ko Active Directory, kuma galibi kayan aikin nan uku ba su da abin da za su taɓa. Za mu zo kan wannan a gaba.

Ga yadda layin asusu yake a `/etc/passwd`:

```
rabiu:x:1004:1004:Rabi'u,B12,2104,,:/home/rabiu:/bin/bash
```

Gurabe bakwai ne, ruwa biyu ke raba su. Na biyar shi ne abin da muke magana a kai, ana kiransa GECOS. Sunan gado ne daga wata manhajar tafiyar da kwamfuta da kamfanin General Electric ya fara ƙerawa a 1962. A Bell Labs, na'urorin Unix na farko kan tura aikin buga takarda zuwa kwamfutar da ke aiki da waccan manhajar, sai aka ware wannan gurbi don bayanin da za ta gane mai aikin da shi. Daga baya aka mayar da shi wurin ajiye suna da adireshi, aka yanka shi gida-gida da waƙafi: cikakken suna, lambar ɗaki ko ofis, wayar aiki, wayar gida, sannan sauran bayani. Duk wanda ya taɓa buɗe asusu da `adduser` a Debian ko Ubuntu ya ga tambayoyin nan biyar, ya yi ta danna Enter har suka ƙare. Waƙafi ukun da ake gani jere a bayan suna, daga nan suke.

Abin lura shi ne tsarin gidajen nan al'ada ce kawai. A wurin tsarin Linux kansa, gurbi na biyar rubutu ne guda ɗaya, ba ruwansa da waƙafi. Duk bambancin da ke tsakanin chfn da usermod daga nan ya taso.

chfn ya san gidajen. Ka ce masa ya canja wayar aiki, ita kaɗai zai taɓa, sauran ya bar su yadda ya same su:

```
sudo chfn -r C7 -w 2231 rabiu
```

Idan ka kira shi ba tare da wani zaɓi ba, zai bi ka gida-gida, yana nuna abin da ke ciki yanzu, ka rubuta sabo ko ka danna Enter ya wuce. Yana kuma tace abin da ka ba shi. Ba ya karɓar ruwa biyu ko'ina, ba ya karɓar waƙafi ko alamar daidai a suna, ɗaki da wayoyi, kuma na Debian yana ƙin rubutu idan jimillar gidajen ta haura harafi 80. Wannan tacewar ce babbar fa'idarsa, domin tana hana ka lalata layin ko da ka yi niyyar kirki.

Shi ne kuma kaɗai daga cikin ukun da mai asusu zai iya amfani da shi da kansa ba sai ya nemi mai kula da na'ura ba. Zai tambaye shi kalmar sirrinsa, sannan ya duba abin da aka yarje masa a `/etc/login.defs`, a layin `CHFN_RESTRICT`. Haruffa huɗu ake sawa: `f` na suna, `r` na ɗaki, `w` na wayar aiki, `h` na wayar gida. Debian da Ubuntu suna zuwa da `rwh`, wato mutum ya gyara ɗakinsa da wayoyinsa amma ba sunansa ba. A ganina wannan daidai ne, kada ka ƙara `f` don kawai wani ya yi ƙorafi. Sunan da ke GECOS shi ke fitowa a allon shiga na kwamfuta, shi wasu manhajojin wasiƙa ke ɗorawa a matsayin mai aikowa, kuma Git ma yana ɗaukarsa idan ba a saita `user.name` ba. A ɗakin kwamfutar makaranta, ɗalibin da ya samu damar mayar da sunansa na shugaban sashe ba zai bari ta wuce shi ba. Idan kuwa babu layin `CHFN_RESTRICT` gaba ɗaya, root, wato asusun da ke da cikakken iko a na'urar, shi kaɗai ke iya gyara.

Yanzu ga tarkon da ya fi kama mutane: chfn guda biyu ne, suna ɗaya, hali daban. Na Debian da Ubuntu daga kunshin shadow yake. Na Fedora da Red Hat da Arch daga util-linux yake. A na shadow, ɗaki `-r` ne, wayar aiki `-w`, kuma `-o` na gidan ƙarshe ne, na sauran bayani, wanda root kaɗai ke iya rubutawa. A na util-linux kuwa `-o` shi ne ofis, wayar aiki `-p`. Ka kwafo umarnin da aka rubuta don Fedora ka zuba shi a Ubuntu da ikon root, `-p` zai tsaya ya yi maka kuka, wannan da sauƙi. Amma `chfn -o C7` zai wuce lafiya lau, ba gargaɗi, ya ajiye lambar ofis a gidan da ba nata ba, tsohuwar lambar kuma tana nan daram a inda take. Hatta share gida ya bambanta idan kana amsa tambayoyi: a na util-linux kalmar `none` ake rubutawa, a na shadow kuwa tazara ɗaya ake bugawa sannan Enter. Saboda haka `chfn --help` ya zama abu na farko a duk na'urar da ba ka saba da ita ba. A Red Hat 8 da 9 ma kana iya tarar babu shi sam, sai ka saka kunshin `util-linux-user`.

Akwai wani farashi da ake biya don wannan sauƙin. Tunda talakan mai asusu ba shi da ikon rubutu a `/etc/passwd`, chfn da ikon root yake gudana ko wane ne ya kira shi. Duk manhajar da ke karɓar rubutu daga kowa ta zuba shi cikin fayil mai muhimmanci haka, masu neman kafa suna sa mata ido. A 2015 kamfanin Qualys ya nuna yadda za a bi ta irin wannan aikin a libuser na Red Hat a cusa sabon layi cikin fayil ɗin, kuma a 2023 an samu wata kafar a chfn na shadow 4.13, mai lamba CVE-2023-29383, inda ake iya cusa haruffan da ba sa bayyana a allo don fayil ɗin ya yaudari idon mai karantawa. An toshe duka biyun. Amma a sabar da ba mai shiga sai masu kula da ita, ban ga dalilin barin kowa da wannan damar ba. Cire layin `CHFN_RESTRICT`, ka huta.

usermod kuwa bai san gidaje ba. Zaɓinsa `-c` yana yin abin da almajiri ke yi wa allo: ya wanke rubutun duka, ya rubuta sabo.

```
sudo usermod -c "Rabi'u" rabiu
```

Wannan umarnin ya gyara suna, ya kuma tafi da lambar ɗaki da wayoyi ba tare da ya tambaye ka ba. Idan kana son su tsira, sai ka sake rubuta su duka da waƙafinsu a daidai wurinsu, kamar `"Rabi'u,C7,2231,,"`. Ruwa biyu da sabon layi kaɗai yake ƙi. Waƙafi kuwa yana karɓa hannu bibbiyu, shi ya sa wanda ya rubuta `"Rabi'u, Sashen Kuɗi"` da nufin ƙarin bayani zai wayi gari sashen kuɗi ya zama lambar ɗaki.

Duk da haka ba abin yarwa ba ne. Yana nan a kusan kowace Linux, kuma `-c` ma'anarsa ɗaya ce a Ubuntu da Fedora da Arch. Abin da ka ba shi shi ne abin da zai zauna a fayil, ba ƙari ba ragi, ko ka maimaita umarnin sau goma. Wannan halin ne ake so idan ana sarrafa na'urori da yawa daga wuri ɗaya, kuma shi Ansible ke kira a ƙarƙashi idan ka canja `comment` a sashensa na `user`. Ga asusun da ba na mutum ba, irin na manhajar ajiyar bayanai ko na ɗaukar kwafi, inda gurbin bayani ne kawai na aikin asusun, usermod ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Ba ya kuma bukatar mai asusu ya fita kafin a gyara. Wancan sharaɗin na canja sunan shiga ne ko lambar asusu ko babban fayil ɗin gida.

Idan gyaran na mutane da yawa ne, a ce an kwashe sashe guda an mayar sabon gini, zaɓin ya dogara da abin da ke hannunka. In kana da cikakken bayanin kowa a takarda ɗaya da ka amince da ita, usermod. In ɗaki da waya kaɗai ka sani, ba ka son taɓa sauran, chfn a cikin ɗan zagaye, da ikon root don kada ya tsaya tambayar kalmar sirri:

```
while IFS=';' read -r suna ofis waya; do
  chfn -r "$ofis" -w "$waya" "$suna"
done < sauyi.txt
```

Sunayenmu suna da nasu rigimar a nan, kuma ba laifin chfn ko usermod ba ne, na tagar umarnin ce. Rabi'u, Asma'u, Isma'ila, Sa'adatu, duk suna ɗauke da hamza, wadda ita ce alamar da bash, manhajar da ke karanta umarni a tagar, ke buɗe zance da rufe shi da ita. Ka rubuta `'Rabi'u'` sai ka ga alamar `>` ta fito a sabon layi tana jiranka, domin a lissafin bash ka buɗe zance ba ka rufe ba. Ctrl+C ne mafita. Idan sunan mutum da na mahaifinsa duk suna da hamza, irin Sa'adu da Mu'azu, alamomin sun cika huɗu, bash ba zai jira ba, zai haɗiye hamzozin ya raba sunan gida biyu, umarnin ya faɗi da kuskuren da ba ya nuna ainihin matsalar. Maganin ɗaya ne, a sa sunan tsakanin alamar zance mai ƙwaya biyu kamar yadda na yi a sama. Haruffa masu ƙugiya kuwa, na Ɗanladi ko Ƙasimu, chfn na Debian zai yi gargaɗin cewa sunan yana da harafin da ba ASCII ba, amma zai rubuta. A lambar waya ce kaɗai yake ƙi ƙememe. usermod ko gargaɗin ba ya yi.

Sai vipw, wanda ke buɗe maka fayil ɗin gaba ɗaya a edita. Abin da ya raba shi da buɗe `/etc/passwd` kai tsaye da nano shi ne kulle: yana hana wani umarnin rubutu a fayil ɗin har ka gama. Ba tare da wannan ba, idan abokin aikinka ya buɗe sabon asusu a daidai lokacin da fayil ɗin ke buɗe a gabanka, kana adanawa ka shafe aikinsa. Irin wannan haɗarin ne ke tattare da `sed -i` da ake yawan ba da shawararsa, shi ma bai san da kulle ba. Wanda bai iya vi ba ya rubuta `sudo EDITOR=nano vipw`.

Kullen ba ya kare ka daga yatsunka. Ruwa biyu ɗaya ya ɓace, gurabe su zama shida, mutum ya kasa shiga. In layin root ne abin ya shafa, ranar ta ɓaci. Don canja lambar waya kawai, wannan kasada ce da ba ta da riba. Inda vipw ke da amfani shi ne lokacin da layi ya riga ya lalace har sauran kayan aikin sun ƙi karanta shi, ko kana son ganin asusu talatin a gabanka ka daidaita waɗanda aka cika da shirme shekara da shekaru. Idan ka gama, kada ka rufe tagar da kake root a cikinta sai ka gudanar da `pwck -r`, wanda ke duba lafiyar fayil ɗin ba tare da ya canja komai ba, sannan ka gwada shiga ta wata tagar.

Mutane kan tambaya ina gidan imel. Babu. An tsara gidajen nan tun ana neman mutum da lambar ɗaki da wayar tebur. Wasu suna cusa adireshin a gidan ƙarshe na sauran bayani, ba laifi, amma ba abin da zai sa wasiƙa ta bi shi. Idan abin da kake so shi ne saƙonnin na'ura, irin rahoton cron mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, su riƙa isa sabon adireshi, wurin gyaran shi ne fayil ɗin `.forward` a gidan mai asusu, ko `/etc/aliases` sannan ka gudanar da `newaliases`.

Mu koma kan asusun da `grep` bai gani ba. A nan chfn da usermod na shadow za su ce maka babu mutumin a `/etc/passwd`, kuma gaskiya suka faɗa. Kada ka yi dabarar ƙara masa layi da hannu don umarnin ya wuce. Za ka haifar da mutum biyu masu suna ɗaya, na gida ya rufe na tsakiya a wannan na'urar kaɗai, wata shida nan gaba wani ya rasa gane dalilin da bayanan suka saɓa. Gyaran a LDAP ake yinsa. Ka rubuta canjin a fayil:

```
dn: uid=rabiu,ou=people,dc=example,dc=org
changetype: modify
replace: telephoneNumber
telephoneNumber: 2231
-
replace: roomNumber
roomNumber: C7
```

sannan ka tura shi da `ldapmodify -x -D "cn=admin,dc=example,dc=org" -W -f gyara.ldif`. Rubutun ya fi yawa, amma abin da ake samu ya fi ƙarfin wahalar. Waya da salula da imel da ɗaki kowanne da gurbinsa mai suna, ba lissafin waƙafi. Gurbi ɗaya yana ɗaukar lamba fiye da ɗaya, abin da ya dace da mu da kusan kowa ke yawo da layi biyu. Sai dai ka kula, `replace` yana share duk lambobin da ke gurbin ya sa wadda ka bayar, `add` ne ke ƙarawa a kan na da. Ana kuma iya tsara wa zai ga me, ta yadda abokan aiki za su ga wayar ofis, salula kuwa sai shugabanni.

Haruffa masu ƙugiya suna cin karo da bango a wuri ɗaya a nan. Gurbin `gecos` na LDAP, yadda RFC 2307 ta tsara shi a 1998, ASCII zalla yake karɓa, don haka saba irin OpenLDAP za ta ƙi Ɗanladi a can. Sunan na gaskiya ya tafi `cn` ko `displayName`, waɗanda ke karɓar kowane harafi, a bar wa `gecos` Danladi marar ƙugiya. Masu FreeIPA sun huta da rubuta fayil, `ipa user-mod rabiu --phone=2231` ya wadatar. Idan ka gyara `gecos` amma `getent` yana ta nuna tsohon bayani, ba gyaran ne bai shiga ba. SSSD, manhajar da ke ɗauko bayanan asusu daga sabar tsakiya, ita ke riƙe da kwafi, wanda a saitinsa na asali yakan kai daƙiƙa 5400, awa ɗaya da rabi ke nan. `sudo sss_cache -u rabiu` zai sa ya sake tambayowa.

A Active Directory aikin na PowerShell ne: `Set-ADUser -Identity rabiu -Office C7 -OfficePhone 2231`, kuma ƙara `-WhatIf` a ƙarshe yana nuna maka wanda umarnin zai taɓa ba tare da ya taɓa shi ba, abin da chfn da usermod duk ba su da shi. Asusun Windows na kwamfuta ɗaya kuwa ba shi da gidan waya ko kaɗan, suna da ɗan bayani ne kawai, ta `net user` ko `Set-LocalUser`.

Da zarar na'urorinka sun wuce uku ko huɗu kuma mutane ɗaya ne ke shiga cikinsu, ajiye lambar waya a `/etc/passwd` ya zama aikin banza, domin ba za a daɗe ba kowace na'ura ta riƙe lamba daban. Ko a na'ura ɗaya ma, gidan wayar gida ya kamata ya zauna fanko. Fayil ɗin a buɗe yake ga kowa ya karanta, dole ce ta sa, tunda da shi manhajoji ke mayar da lambar asusu zuwa suna. Duk mai asusu a na'urar zai iya ganin abin da ke ciki da `cat`, haka ma manhajar da ke ɗauke da shafin intanet idan aka samu kafa a jikinta, kuma wannan fayil ɗin na cikin abin da masu kutse ke fara nema. Lambar ɗaliba ko ma'aikaciya ba abin shanyawa a nan ba ne, balle ga hukumar da dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta hau kanta. Idan ka gaji na'urar da aka riga aka cika, ka share da `sudo chfn -h "" rabiu`, ka mayar da `CHFN_RESTRICT` zuwa `rw` don kada a sake cikawa. Ka kuma leƙa `/etc/passwd-`, mai karan ɗori a ƙarshe. Kayan aikin shadow suna ajiye kwafin fayil ɗin na kafin gyara a can, don haka lambar ƙarshe da ka share tana nan a cikinsa har sai an sake yin wani gyaran.